ALƘALIN WASA DA FASSARAR DOKA: ABIN DA DAMBE ZAI KOYA DAGA ZARI-RUGA

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin dambe lokacin kaka, a garuruwan noma irin su Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ya san inda gardama takan tashi. Dokar kisa a dambe gajera ce, kowane yaro ya haddace ta: wanda hannunsa ko gwiwarsa ko jikinsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi. Amma da zarar hannun wani ya dafa ƙasa, sai fili ya rabu biyu. Waɗansu su ce naushi ne ya kai shi, waɗansu su ce santsi ne ko kuwa ture shi aka yi. A wannan lokaci dokar da kowa ya haddace ba ta iya buɗe baki. Dole a sami mutum ɗaya da zai faɗi abin da take nufi, kuma dole sauran jama'a su yarda da shi.

A ƙauye wannan nauyi yana kan dattawa, wato Sarkin Dambe da Sarkin Fawa da tsofaffin 'yan wasa, domin dambe tun asali wasan mahauta ne. Maganarsu tana da kwarjini saboda an san su, an san turamen da suka taka a zamaninsu. Yanzu kuwa dambe ya shiga birni, ya sami gidaje na dindindin a Kano da Abuja da sauran wurare, ana sa babur ko mota a gasa, ana ɗaukar hoton wasa ana watsawa duniya ta intanet. Ganin haka ne masu son ci gaban wasan suke cewa a rubuta doka, a kawo na'urar sake duba hoto, gardama za ta mutu. Nufinsu mai kyau ne, amma ya kamata a dubi wani wasa da ya riga ya bi wannan hanya, a ga inda ta kai shi.

Wasan shi ne ƙwallon zari-ruga. Ana buga shi da mutum 15 a kowane ɓangare, na tsawon minti 80, kuma kamar dambe, wasa ne na haɗa jiki inda kuskure kaɗan kan jawo mummunan rauni. An fara rubuta dokokinsa tun 1845 a makarantar Rugby ta Ingila, an kafa hukumarsa ta duniya a 1886, an kuma fara gasar cin kofin duniya a 1987. A yau littafin dokokin yana da babi 21. Duk da wannan dogon tarihi, littafin da kansa ya tanadi cewa alƙalin wasa shi kaɗai ke da ikon faɗin abin da ya faru da abin da doka ta ce a kansa muddin ana cikin wasa. Har ma akwai babin da ya ba shi damar ƙin busa usur bayan an yi laifi, idan ya ga waɗanda aka yi wa laifin za su fi amfana in an bar wasa ya ci gaba. Wato masu rubuta dokar sun amsa tun farko cewa rubutu ba ya wadatarwa sai da hankalin mai hukunci.

Misalai uku daga gasar cin kofin duniya sun isa su nuna yadda abin yake. A shekarar 2011, a wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Wels da Faransa a birnin Okland, alƙali Alain Rolland ya ba kyaftin ɗin Wels, Sam Warburton, jan kati tun kafin a cika minti 20, saboda ya ɗaga Vincent Clerc sama ya sake shi ya faɗo ta wajen kai. Faransa ta ci da maki 9 da 8. Mutanen Wels sun yi kuka ƙwarai, suna cewa ba da mugunta aka yi ba. Amma tun 2009 hukumar wasan ta sanar da alƙalai da ƙungiyoyi cewa irin wannan kamu hukuncinsa kora ce. Saboda haka hukumar ta tsaya bayan alƙalinta, masu kuka kuma ba su iya cewa an yi musu ba-zata ba. Tun ran gini ran zane.

A shekarar 2015 kuwa, a filin Twickenham na Landan, Ostireliya ta fitar da Sikotilan da maki 35 da 34, bayan alƙali Craig Joubert ya ba ta bugun horo ana dab da tashi. Ƙa'idar lokacin ba ta ba shi damar neman taimakon mai duba hoto a kan irin wannan laifi ba. Washegari hukumar ta fito fili ta ce hukuncin da ya dace bai kai bugun horo ba. Gaskiya ta faɗa, amma maganar ba ta mayar wa Sikotilan wasanta ba, ta dai bar alƙalin shi kaɗai a bakin duniya.

Misali na uku shi ne wasan ƙarshe na 2023 a Faransa, inda Afirka ta Kudu ta doke Niyu Zilan da maki 12 da 11. A ranar akwai alƙali Wayne Barnes a fili, da mataimaka biyu a gefe, da mai duba hoto, da wani jami'i a keɓe wanda aikinsa shi ne sake auna laifin da aka ba wa katin gargaɗi. Kyaftin ɗin kowane ɓangare ya bugi kan abokin karawa. An kori Sam Cane na Niyu Zilan gaba ɗaya, shi ne kuma namiji na farko da aka taɓa kora a wasan ƙarshe na wannan gasa. Siya Kolisi na Afirka ta Kudu kuwa minti 10 ya yi a waje ya dawo. Ba son kai ne ya bambanta su ba a wurin alƙalan. Akwai tambayoyi da aka tsara musu su bi daki-daki: an taɓa kai? Laifin ɗan wasa ne? Yaya girman haɗarin? Akwai abin da zai sassauta? Sun ga sassauci a ɗaya, ba su gani a ɗayan ba. Amma har yau magoya baya suna musu a kai, kuma zagi da barazanar da suka biyo baya sun sa mai duba hoton, Tom Foley, ya janye daga alƙalancin wasannin ƙasa da ƙasa.

To, idan wasan da ya shekara fiye da 170 yana gyara littafinsa, yake kuma da na'urori ta kowace kusurwa, bai rabu da gardama ba, babu dalilin zaton takarda da bidiyo za su raba dambe da ita. Bahaushe ya daɗe da cewa shari'a mace ce mai ciki. Abin da na'ura take yi shi ne ta nuna hannu ya taɓa ƙasa. Ba ta faɗin ko naushi ne sanadi ko turi, ba ta faɗin inda riƙo da hannun garkuwa ya wuce kima, ba ta kuma sanin lokacin da ya kamata a raba turmi domin ɗan wasa ya jigata ko da bai faɗi ba.

Wannan ba hujja ba ce ta ƙin rubuta doka. Maƙwabta a Jamhuriyar Nijar suna gudanar da gasar kokawa ta neman takobi tun 1975, lokacin da aka fara ta a Tawa, kuma a yau jihohi 8 ke kawo 'yan kokawa goma-goma a ƙarƙashin ƙa'ida ɗaya. Ba don haka ba, da mutumin Maraɗi da na Doso ba su yarda da hukunci ɗaya ba. Abin lura shi ne rubutu mafari ne kawai. Daga misalan zari-ruga, abubuwa uku ne dambe yake bukata bayan rubutun.

Na farko, a tara shugabannin ɓangarori, Kudu da Arewa da Guramaɗa, kafin a sa zare a kowace babbar gasa, a faɗa musu yadda za a fassara wuraren da ke da ruɗani, musamman zamewa da turi da duka bayan an raba. Abin da ya kare Rolland ke nan a 2011. Na biyu, alƙali ya kasance a ƙarƙashin ƙungiyar da ke horar da shi, take kuma auna aikinsa a tsanake, domin wanda abincinsa ke hannun mai gidan dambe ko mai sa kyauta, ko ya yi gaskiya ba za a ga gaskiyarsa ba. Idan ya yi kuskure a gyara masa ta hanyar da ba za ta zubar da mutuncin kujerar ba. Na uku, alƙali ya riƙa bayyana dalilinsa a taƙaice ga shugabannin ɓangarorin biyu, su kaɗai kuma ke da bakin yi masa magana. A zari-ruga kyaftin ne bisa al'ada yake tunkarar alƙali, wanda ya yi masa tsiwa kuwa sai a matsar da ƙungiyarsa baya mita 10.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan sassan nazarin Hausa. Dokar dambe ba daga littafin damben Turawa za a kwafo ta ba, tana nan a bakin dattawan da suka yi shekaru suna raba gardama, da kalmominta da misalanta na wane da wane a shekara kaza. Wannan ilmi kuwa yana cikin haɗari. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin yankunan da 'yan bindiga suka fi addaba a Jihar Katsina. A Ƙanƙara ne aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya a watan Disamba na 2020, kuma mutanen ƙauyuka da dama sun bar gidajensu. Inda jama'a suka watse, taron kaka yakan watse tare da su, dattijon da ba a tambaya ba kuma yakan tafi da abin da ya sani.

Ɗalibin da ya fito daga waɗannan garuruwa yana neman abin da zai rubuta kundin digiri a kai, ga shi nan a ƙofar gidansu. An yi nazari mai yawa a kan kirarin 'yan dambe da waƙoƙin makaɗansu irin su Ɗan Anace. Ya rage a zauna da masu raba turmi a tambaye su yadda suke bambanta kisa da zamewa, da abin da suke yi idan fili ya ƙi yarda da hukuncinsu. Ranar da za a zauna rubuta dokar dambe ta ƙasa baki ɗaya, amsoshinsu ne ya kamata a fara shimfiɗawa a kan tebur.