An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Jama'a, akwai wani hoto da kusan kowa ya taɓa gani: yaro ne ƙarami, yunwa ta tsotse shi har ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, ya kife goshi a ƙasa, ga ungulu a bayansa ta zuba masa ido. Duk sanda hoton nan ya sake zagayowa a intanet sai a yi ca a kan wanda ya ɗauke shi, ana cewa ba shi da imani, don me bai ajiye kyamara ya ɗauki yaron ba? To ni dai ban yarda da wannan hukunci ba.

Sunan mai hoton Kevin Carter, mutumin Afirka ta Kudu. Ya ɗauke shi ne a watan Maris na 1993 a garin Ayod, wanda yanzu yake cikin ƙasar Sudan ta Kudu. Jaridar New York Times ta buga shi, a 1994 aka ba shi lambar yabo ta Pulitzer, a watan Yuli na wannan shekarar kuma ya kashe kansa yana da shekara 33. Masu zaginsa har da ungulu ta biyu suka kira shi.

Amma mai karatu, wa ya kawo yunwa Ayod? Carter ne? Yaƙin basasa ake yi a Sudan tun 1983, sannan a 1991 ƴan tawayen kudu suka dare gida biyu, ɓangaren John Garang da na Riek Machar, suka koma kashe juna a wannan yanki. Aka kone garuruwa, aka kore shanu, noma ya gagara. Su waɗannan masu bindiga ba ka jin ana tsine musu idan an ga hoton, sai wanda ya je da kyamara. Wannan ai shi ne a bar jaki a doki taiki.

Kuma yaron yana kusa da wurin rabon abinci na masu agaji ne, Carter ya kori ungulun bayan ya ɗauki hoton. A 2011 jaridar El Mundo ta ƙasar Sifen ta gano mahaifinsa, ya ce sunan yaron Kong Nyong, ya tsira daga yunwar, sai bayan shekaru zazzaɓi ya yi ajalinsa.

Ga wanda ke ganin hoto ba ya tsinana komai, ya tuna abin da ya faru a Nijar a 2005. Fari da fara sun cinye amfanin gonar 2004, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ta roƙon taimako, ƙasashe masu hali suka yi kunnen uwar shegu. Sai da BBC ta nuna yaran Maraɗi a talabijin a watan Yuli, sannan kuɗi da abinci suka fara kwarara. Duk da haka shugaba Mamadou Tandja ya fito ya musanta cewa ana yunwa a ƙasarsa. Da ba don hotunan ba, ai da maganarsa ce za ta zauna. Gani ya kori ji, shi ya sa mai mulki yake tsoron kyamara. Ko a yaƙin Gaza da aka fara a Oktoban 2023, Isra'ila ta hana ƴan jaridar waje shiga su kaɗai, sai Falasɗinawan da ke ciki ne suka riƙa ɗaukar hotuna, da yawansu kuma a bakin aikin aka kashe su.

Ban ce masu ɗaukar hoto waliyyai ba ne. Akwai masu cin kasuwa da hawayen talaka, kuma abin kunya ne a shafe shekara 18 duniya na kallon Kong Nyong ba ta san sunansa ba, har ma ana zaton mace ne. A kan wannan a tuhume su, su da editocinsu, a ce su riƙa tambayar suna, su kare mutuncin wanda suka ɗauka. Amma a ce kada a ɗauka sam, wannan gata ne ga azzalumi, don shi ba abin da yake so irin a rufa masa asiri.

Saboda haka in hoton ya sake zuwa gabanka, kafin ka zagi Carter, ka fara tambayar wanda ya hana mutanen Ayod noma. Allah ya kyauta.