Kowane mai hali ya ɗauki yaro ɗaya har ya gama makaranta

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da masu hannu da shuni na Zamfara, na gida da na waje, game da 'ya'yan 'yan gudun hijira.

Mu a Kwatarkwashi muna bakin titin Gusau zuwa Tsafe, don haka idan 'yan bindiga suka tashi ƙauye, mukan ga mutanensa da idonmu. Yawancinsu ba sansani suke zuwa ba. Wasu su raɓe gidan dangi, wasu su shiga kango su rataya buhu a bakin ƙofa. Da azumi ya kama sai a kawo shinkafa da taliya a raba. Allah ya saka wa masu bayarwa, domin yunwa ba wasa ba ce. To amma buhun yakan ƙare tun kafin Sallah, yaron da aka raba da aji uku kuwa yana nan yana girma a tasha.

Ni malamin firamare ne. Akwai wata yarinya da ke tallar awara kusa da makarantarmu, an kashe mahaifinta a gona. Idan ana bitar karatu takan tsaya jikin taga da roba a ka, bakinta yana bin abin da yara ke faɗa. Na tambayi uwar me ya hana ta sa ta, tunda firamare kyauta ce. Ta ce: "Malam, in ta zauna a aji, wa zai kawo na cefane?" Nan matsalar take. Ba kuɗin makaranta kaɗai ba ne. Akwai kayan makaranta da takalmi da littafi, sannan akwai cinikin tallar da gidan zai rasa. Ga kuma tsoro, tun da aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, aka kuma rufe makarantun jihar a Satumban shekarar bayan sace ɗalibai a Kaya ta Maradun.

Akwai mutanen da suka riga mu shiga irin wannan hali. A 1959 Dalai Lama, jagoran addinin mutanen Tibet, ya tsere daga Tibet zuwa Indiya bayan sojojin Sin sun murƙushe boren Lhasa, mutane wajen 80,000 suka bi bayansa. Da yawansu aikin fasa dutse da gina hanya suka samu, yara na kwance a gefen titi cikin sanyi. A Mayun 1960 aka kwaso yara 51 daga irin waɗannan wurare aka kai su Dharamsala, yayar Dalai Lama, Tsering Dolma, ta riƙe su. Da ta rasu a 1964, ƙanwarsa Jetsun Pema ta karɓa. Wannan gida shi ya zama Tibetan Children's Villages, mai makarantu a sassa daban-daban na Indiya, inda dubban yara suka yi karatu ba tare da sun rasa harshensu ba. Abin da ya riƙe aikin shi ne tsarin ɗaukar nauyi: mutum a Jamus ko Amurka ya ɗauki yaro ɗaya da sunansa, yana biya a kai a kai, ana aiko masa da wasiƙar yaron da labarin karatunsa, shekara bayan shekara. Addininsu daban da namu, amma dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu. Mun san yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar mutum da mutum. Mun kuma san riƙo tun kaka da kakanni.

Kada a ce sai Turawa. A Maiduguri, Barista Zannah Mustapha ya buɗe makarantar Future Prowess a 2007 da yara 36, ya haɗa marayun ɓangarorin rikicin Boko Haram a aji ɗaya, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar Nansen a 2017.

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2023, ana kuma gyaran makarantu. Sai dai gini ba ya sauke robar talla daga kan yarinya. Roƙona ga Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha da masarautunmu na Kwatarkwashi da Tsafe da Bungudu da Gusau shi ne su sa masu unguwanni da limamai da shugabannin makarantu su rubuta waɗannan yara gida-gida. Sannan a kira 'yan kasuwarmu da ma'aikatanmu na Abuja da Legas da Kano, kowa ya ɗauki ɗaya, ya yi alkawari har yaron ya gama sakandare, boko da Islamiyya. Kuɗin kaya ya tafi hannun kwamiti na amintattu, uwar kuma a ba ta ɗan jari ya maye gurbin tallar. Kowane zango a aika wa mai ɗaukar nauyi sakamakon jarrabawa. Kada kuma a baza hoton maraya a Facebook, talauci ba ya cire mutunci.

A shirye nake in shiga aikin rubuta sunayen a unguwarmu idan masarauta ta ba da izini.

Naka,
Wani malamin firamare,
Kwatarkwashi, Ƙaramar Hukumar Bungudu, Jihar Zamfara.