Shafin Intanet da Haƙƙin Baƙo

Bahaushe ba ya tara shirgi a zaure. Kome yawan dukiyar mai gida a ɗaki take zama, zaure kuwa sai shara da tabarma da buta, domin baƙon da ya yi sallama ya sami wurin zama ya faɗi abin da ke tafe da shi. Shafin farko na kowace ma'aikata a intanet zaurenta ne, amma da yawa daga cikin masu tsara irin waɗannan shafuka sun mai da shi rumfar gwanjo. Baƙo zai shiga neman abu guda, alal misali ranar rufe rajista, sai ya tarar da hotuna suna juyawa, rubutu yana gudu, talla ta rufe rabin fuskar wayarsa, ga kuma doguwar maraba daga shugaban wurin. Kafin ya kai ga buƙatarsa, ko dai datarsa ta ƙare ko kuwa haƙurinsa.

Tarihin intanet kansa ya isa hujja. A shekarar 1998 da Larry Page da Sergey Brin suka kafa kamfanin Google a Amurka, shafin Yahoo, wanda shi ne ke tashe, cike yake da labarai da tallace-tallace da jerin rukunoni bila adadin. Google ya zo da farin fili da suna da ɗan akwatin rubuta tambaya. Ba za a ce farin filin kaɗai ne ya ba shi nasara ba, domin ingancin bincikensa shi ne jigo, amma mai ziyara bai taɓa tsayawa tunanin inda zai danna ba. Tun a 1952 wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, William Hick, ya nuna cewa lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya yanke shawara yana ƙaruwa gwargwadon yawan zaɓin da aka jera masa. Ashe ke nan maɓallai talatin a shafi guda ba karamci ba ne, ɗawainiya ce aka ɗora wa baƙo.

To, me ke kawo cunkoson? Galibi ba jahilcin mai tsarawa ba ne, siyasar cikin gida ce. Kowane ofishi yana son a ga sunansa a sama, kowane babba yana son hotonsa, mai tsarawa kuwa ba ya da ƙarfin cewa a'a. Sai shafin ya koma taswirar muƙamai, alhali baƙo bai damu da wane darakta ke sama da wane ba. Gwamnatin Birtaniya ta sha wannan matsala, har a 2012 ta buɗe GOV.UK, ta shiga tattara shafukan ma'aikatunta wuri guda, da baƙin rubutu a kan fari, an jera abubuwa bisa buƙatun jama'a kamar haraji da fasfo da lasisin tuƙi. A 2013 wannan shafi maras kwalliya ya lashe kyautar zanen shekara ta gidan adana zane-zane na Landan.

Masu ja za su ce ai da talla ake biyan ma'aikata, ado kuma ba laifi ba ne. Gaskiya ne, sai dai tallar da ta tare ƙofa korar mai saye take yi. Shi ya sa daga Janairun 2017 Google ya fara mayar da shafukan da ke rufe fuskar waya da irin wannan talla baya a sakamakon bincike.

Shafukan Hausa suna da wani ƙarin nauyi. Yawancin masu karatunsu da waya suke shiga, da datar da suka saya da guminsu, don haka kowane babban hoto maras amfani kuɗi ne aka cire daga aljihunsu. Ga kuma batun haruffa masu ƙugiya. Sau da yawa akan zaɓi salon rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe don burgewa, alhali ba ya ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, sai su fito a karkace ko su zama akwatuna. Wani mai shafin kuma sai ya zubar da ƙugiyar baki ɗaya, ya bar mai karatu yana laluben ko kafa ake nufi ko ƙafa.