Gigin tsufa da kuɗin gidan kula da tsofaffi a Landan: mu yi maganar tun da sauran lokaci

Akwai maganar da mu Hausawan Landan ba ma son yi a fili, ko a wurin suna ko bayan sallar Juma'a: yaya za a yi da Baba ko Inna ranar da ciwon mantuwa ya fi ƙarfin gida? Waɗanda suka zo ƙasar nan karatu ko aiki a shekarun 1970 da 1980 yanzu sun haura saba'in. Ƙungiyar Alzheimer's Society ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan ɗaya ne ke fama da wannan ciwo a Birtaniya, kuma namu na cikinsu. Matsayina a nan shi ne, kunyar da ke hana mu zama mu tsara abin da wuri ita ce take ja mana asarar kuɗi, ita ce kuma take kai iyayenmu wurin da bai dace da su ba.

Na san inda kunyar ta samo asali. A Kano idan aka ce gidan gajiyayyu, hankali sai ya tafi Shahuci, inda marasa galihu suke. Wanda ya kai mahaifinsa irin wannan wuri, ai ya zama abin nuni. Amma a gida akwai tsakar gida, akwai matan 'yan'uwa da jikoki da maƙwabta masu karɓa-karɓa. A nan kuwa 'ya ɗaya ce a bene hawa na biyar a Peckham ko Woolwich, tana aikin dare, ga yara, ga tsoho da ke buɗe ƙofa da ƙarfe uku na dare a cikin hunturu yana cewa zai tafi masallacin unguwarsu ta Fagge. Gigin tsufa irin wannan cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma gaba take yi. Akwai matakin da mutum ɗaya ba zai iya ba, komai son da yake yi wa iyayensa.

To wa zai biya? Da yawa daga cikinmu sun ɗauka tunda asibitin NHS kyauta ne, gidan kula da tsofaffi ma haka yake. Ba haka ba ne. A Ingila, idan dukiyar tsoho ta wuce fam 23,250, shi zai biya kuɗin gidan gaba ɗaya. Tsakanin fam 14,250 da fam 23,250, ƙaramar hukuma tana taimakawa, amma za a lissafa masa fam 1 a mako kan kowane fam 250. Ƙasa da haka ba a taɓa ajiyarsa, sai dai fanshonsa zai tafi wajen biyan kuɗin, a bar masa kimanin fam 30 a mako na kashewa. Waɗannan iyakoki ba su motsa ba tun 2010. Shi kuwa gadon mai ciwon mantuwa a Landan da kewayenta, ba abin mamaki ba ne ya kai fam 1,500 a mako, wato fam 78,000 a shekara.

Kada kuma wani ya zauna jiran gwamnati. A 2021 gwamnatin Boris Johnson ta yi alƙawarin cewa ba wanda zai kashe sama da fam 86,000 kan kulawa a rayuwarsa. Aka ɗage, sannan a watan Yulin 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta soke shirin. Kwamitin da aka ɗora wa Louise Casey ba zai miƙa rahotonsa na ƙarshe ba sai 2028.

Maganar gida ita ce ta fi ɗaga hankali. Idan miji ko mata na zaune a cikinsa, ko ɗan'uwa mai shekara 60 zuwa sama, ko mai naƙasa, ba a saka shi a lissafi. In ba haka ba, bayan mako 12 na farko ya shiga. Dukiyar da ke ƙasar waje ma ana lissafa ta, don haka gidan nan da Alhaji ya gina a Kano ko Mariadi bai tsira ba don yana nesa. Masu ba da shawarar a yi maza a mayar da gida sunan 'ya'ya su sani, idan hukuma ta ga an yi ne don guje wa biyan kuɗin kulawa, za ta lissafa kamar gidan yana nan, kuma ƙa'idar shekara bakwai da ake ji a harajin gado ba ta aiki a nan. Akwai tsarin da hukuma ke biya a madadin tsoho har ranar da aka sayar da gidan, amma tana iya ɗora ruwa a kai. Wannan tambaya ce da ya kamata a kai wa malamai tun kafin takarda ta zo gaban mutum, ana cewa sa hannu.

Akwai haƙƙoƙin da muke bari suna wuce mu saboda rashin tambaya. Dokar kulawa ta 2014 ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta auna buƙatun tsoho kyauta, ko da mai kuɗi ne, ta kuma auna na mai jinyarsa. Idan buƙatar ta lafiya ce mai tsanani, akwai tsarin NHS Continuing Healthcare da ke biyan komai ba tare da duba dukiya ba. Samunsa da wuya, amma a nemi a yi gwajin, in an ƙi a ɗaukaka ƙara. Akwai kuma Attendance Allowance, wanda shi ma ba ya duba dukiya, kuma mai biyan kuɗin gidan da kansa yana ci gaba da karɓa. Sannan takardar wakilci, wadda ake kira Lasting Power of Attorney: tsoho ne da kansa zai sa hannu tun hankalinsa na nan. Idan aka makara, sai an bi ta kotun Court of Protection, da watanni da kuɗinta, asusun banki kuma a rufe.

Wajen zaɓe, yawancin gidajen da ke da fili da sarari suna gefen gari, irin su Croydon, Bromley, Enfield, Barnet da Redbridge. Shawarata ta farko ita ce a auna nisa da motar bas, a manta da kyan lambu. Gidan da sai an yi awa biyu kafin a kai, ziyarar kullum za ta koma ta mako, ta mako ta koma ta sallah. A karanta rahoton hukumar CQC mai duba gidajen, a kuma lura da shekarar da aka yi shi, domin wani ya tsufa. A je ba tare da sanarwa ba, lokacin cin abinci, a ga yadda ma'aikata ke magana da mazauna. A tambaya: mutum nawa ke aikin dare? Akwai abincin halal, kuma daga ina? Za a iya tabbatar da mace ce za ta yi wa Hajiya wanka? Sun san gaggawar da muke yi da jana'iza? Sannan harshe. Sananne ne cewa mai ciwon mantuwa kan rasa harshen da ya koya daga baya ya koma na goyo. Likitan da ya yi shekara arba'in yana Turanci zai iya wayar gari ba ya jin komai sai Hausa, ya ce yana jin ƙishirwa a rubuta cewa yana rigima.

A karanta yarjejeniya da kyau. Binciken hukumar kula da gasar kasuwanci a 2017 ya gano cewa masu biya da kansu suna biyan kimanin kashi 41 cikin ɗari sama da abin da ƙananan hukumomi ke biya a gida ɗaya. Don haka a tambaya a rubuce: idan kuɗin Baba ya ƙare ya koma hannun hukuma, za a bar shi a ɗakinsa, ko za a ce 'ya'ya su yi ciko? Dole ne hukuma ta nuna aƙalla gida ɗaya da ba ya buƙatar ciko. Kada kowa ya sa hannu kan cikon da ba zai iya ɗauka na shekaru ba.

Wasu za su ce a mayar da tsoho gida kawai. Wani lokaci wannan shi ne daidai, musamman da farkon ciwon, idan akwai amintattun masu riƙo. Amma a yi lissafi: fanshon gwamnatin Birtaniya ba ya ƙaruwa ga mazaunin Najeriya, a inda aka bar shi zai tsaya, Attendance Allowance kuma zai yanke. Idan jikin ya rikice, ba kowane gari ke da ƙwararru irin na asibitin Barnawa a Kaduna ko na Dawanau ba.

Ga 'yan'uwanmu na gida, ina roƙonku ku sassauta harshe. 'Yar da ta yi shekara biyar ba ta yi barcin kirki ba, ba ta cancanci saƙon murya mai cewa ta yar da uwarta ba. Ku tambaye ta me take buƙata. Mu na nan kuwa, ƙungiyoyinmu da ke tara kuɗin kai gawa maƙabartar Gardens of Peace za su iya tsara jerin masu ziyara, mutum biyu kowace Asabar, su zauna da tsohon da ke gidan kulawa su yi masa hira da Hausa, su kai masa tuwo idan an yarda. Duk mai iyaye da suka haura saba'in a ƙasar nan, ya zaunar da su a wannan watan, ya ji abin da suke so daga bakinsu, a cike takardar wakilci. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri.