Kafin Maigida Ya Tafi Farauta, Ya Bar Izini A Gida

Daga Ma'aikaciyar Jinya kuma Ungozoma, Sashen Haihuwa

A wannan fitowa ina so in yi magana a kan farautar rani. Na san wani zai ce ina ruwan ungozoma da farauta? To, ku biyo ni a hankali, domin abin da na gani a ɗakin haihuwa ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni 'yar arewacin Kano ce, daga wani ƙauye tsakanin Ɗambatta da Makoɗa. Duk wanda ya san yankinmu, har zuwa Bichi da Kunchi da Tsanyawa, ya san gona ta haɗe da gona, ba saura, ba daji. Kakanninmu sukan sami fakara da zabon daji a bayan gari. Yau kuwa da zarar an gama kaka, sai mafarauta su haɗa kuɗin mota, su loda karnuka da bindigogi, su nufi fadamar Haɗeja da Nguru inda dinya da kirinjijiya ke sauka, ko dazukan Bauchi, wasu ma har kudu. Tafiyar da a da ake yi tsakanin hantsi da la'asar ta koma ta mako biyu, wani lokaci wata guda ko fiye.

Abin Da Ya Faru A Shekarar Korona

A ranar 27 ga Maris 2020 gwamnatin Kano ta rufe hanyoyin shiga jihar saboda cutar korona. An sami mutum na farko mai cutar a Kano ranar 11 ga Afrilu, dokar kulle ta fara ranar 16. Ranar 27 ga watan Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ba a kuma ɗage hanin ba sai 1 ga Yuli. Iyakar Nijar kuwa tun Agustan 2019 take a rufe, sai a Disambar 2020 aka buɗe ta Maigatari. Duk wannan ya zo daidai ƙarshen lokacin farauta.

A cikin azumin wannan shekara aka kawo mana wata baiwar Allah, cikinta na biyar, ya shiga wata tara. Mijinta ya bi ayarin farauta tun kafin a rufe hanya, da niyyar yin kwana goma, sai dawowa ta gagara. Jini ya ɓalle mata bayan sallar asuba. Uwar mijin ta sa aka yi ta kiran wayarsa, ba ta shiga, domin inda suke babu sabis. Ba su iso wurinmu ba sai bayan la'asar. Mabiyiya ce ta rabu da mahaifa kafin lokaci. Jaririn ya riga ya koma, uwar kuma sai da aka ƙara mata jini leda uku kafin ta farfaɗo.

Da hankali ya kwanta na tambayi tsohuwar, na ce, "Inna, me ya tsayar da ku tun safe? Ko jami'an tsaro ne suka hana ku wucewa?"

Ta ce, "A'a, 'yar nan, da suka ga halin da take ciki ba su tsayar da mu ba. Ɗan nan ne bai bar magana ba. Ya zan fitar masa da mata ba da saninsa ba? Kuma ko kuɗin mota sai da muka sayar da akuya."

Ban ga laifin tsohuwar ba, tana kiyaye hakkin ɗanta ne yadda ta sani. Dokar kulle ta tsare mijin a wata jiha, amma sa'o'i goma da aka ɓata a gida, kalma ɗaya da zai faɗa kafin ya hau mota ta isa ta hana su ɓata.

Ra'ayina

Korona ta lafa, hanyoyi sun buɗe, amma darasin yana nan. Mota tana lalacewa a daji, waya tana mutuwa, hanya kuma ba ta da tabbas. Ba mu manta da abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris 2025 ba, inda aka kashe matafiya 16, mafarauta da ke kan hanyar dawowa Kano yin sallah. Allah Ya jiƙansu. Saboda haka duk mai fita doguwar tafiya ya ƙaddara cewa ranar dawowa ba a hannunsa take ba.

Ra'ayina shi ne, idan cikin matarka ya shiga wata takwas, ka haƙura da farautar nesa ta bana. Idan kuwa tafiyar ta zama dole, to kada ka fita sai ka bar izini a fili, a gaban shaidu.

Na san abin da za a ce. Za a ce farauta gado ce, kuma sana'ar rani ce, da ita ake samun kuɗin ragon suna. Gaskiya ne, ban raina ta ba, a gidanmu ma an yi ta. Za a kuma ce haihuwa sha'anin mata ne, ga uwa a gida, ga ungozomar gari. Wannan ma haka ne idan komai ya tafi daidai. Amma ranar da abu ya rikice, abubuwa uku ake nema da gaggawa: izini, mota da jini. A yawancin gidajenmu dukkan ukun a hannun namiji suke. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace mai ƙoshin lafiya cikin sa'o'i biyu. Daga Nguru zuwa Ɗambatta kuwa ba a zuwa cikin sa'o'i biyu, ko da hanya a buɗe take.

Ko wadda ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, sau da yawa mukan ga mahaifinta na jin nauyin kai ta asibiti ba da yawun miji ba. Don haka ita ma a bar mata magana.

Tsarabar Da Ake Dawowa Da Ita

Magana ta biyu ita ce tsuntsayen da ake kawowa gida. Mai ciki tana bukatar nama, ba mu hana ba. Sai dai a lura da abubuwa uku.

Na farko, murar tsuntsaye. A Fabrairun 2006 aka fara gano nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, ta kuma shiga gonakin kaji na Kano. A Janairun 2007 ta kashe wata mata 'yar shekara 22 a Legas. Ta sake ɓulla a 2015 da 2021. Tsuntsayen ruwa, irin su agwagin daji da ke ƙaura daga Turai da Asiya su sauka a fadamunmu lokacin sanyi, suna iya ɗauke da ƙwayar cutar ba tare da alamar ciwo ba. Mutum yakan kamu ne wajen yanka da fiɗa da figa, kuma a gidajenmu mace ce mai figa. Mai ciki kuwa mura mai tsanani ta fi kayar da ita, saboda garkuwar jikinta ta sauya, ciki kuma ya matse mata huhu. Ban da haka, cutar na iya shafe kajin gida, waɗanda su ne jarin mace.

Na biyu, dalma. Masu ɗura bindiga da dalma su sani cewa tana farfashewa a cikin nama ƙanana ƙanana, har ido ba ya gani, dafuwa kuma ba ta kawar da ita. Dalma na ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, ta taɓa ƙwaƙwalwarsa. Mun ga ƙarfin gubarta a Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400. Abin da ke cikin tsuntsu ɗaya bai kai wannan ba, amma masana ba su san wani ɗan adadi na dalma da za a ce ba ya cutar da yaro ba. Gara a ba mai ciki da ƙananan yara kazar gida, ko abin da tarko ko kare ya kama.

Na uku, zazzaɓin Lassa. Mafarauci ba tsuntsu kaɗai yake kawowa ba, akan haɗo da ɓeraye da danginsu. Wani irin ɓera ne ke yaɗa Lassa ta fitsari da kashinsa, cutar kuma ta fi yawa da rani. Idan ta kama mace a watanni ukun ƙarshe na ciki, akasari akan rasa ɗan, wani lokaci har da uwar. Kada mai ciki ta taɓa irin wannan nama.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Kafin tafiya:
1. Maigida ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da wani namiji babba a gidan cewa ya yarda a kai matarsa asibiti kowane lokaci, dare ko rana, ba sai an neme shi ba.
2. Ya bar kuɗin mota da na magani a hannun matar ko wanda ta amince da shi.
3. Ya yi magana da direba a gari, a ajiye lambarsa a jikin katin awo.
4. Ya tanadi 'yan uwa biyu masu lafiya da za su ba da jini idan an bukata.
5. Awo kada ya tsaya don ba ya nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa aƙalla sau 8.

Bayan dawowa:
1. A yi fiɗa da figa a wajen gida, maza su yi, a binne gashi da kayan ciki, a wanke hannu da wuƙa da sabulu.
2. Tsuntsun da aka tsinta a mace ko yana layi, kada a ɗauko shi.
3. A dafa nama sosai har ba sauran ja a cikinsa.
4. Wanda ya dawo da zazzaɓi, tari ko jan ido, ya nisanci mai ciki, ya je asibiti, ya kuma gaya wa likita cewa daga farauta yake.

Ke kuma 'yar uwata, idan kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ko jijjiga, ko faya ta fashe ba naƙuda, ko naƙuda ta wuce sa'o'i 12, ko yaro ya daina motsi, kada ki jira gari ya waye. Kuma tun yau, idan kin koma gida, ki sami lokacin da maigida yake cikin natsuwa ki roƙe shi wannan izini. Idan kina jin nauyi, ki miƙa masa wannan takarda, ko ki zo da shi ranar awo mu yi masa bayani da kanmu.

Daga ƙarshe ina kira ga sarakunan dawa da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta, da limamai da masu unguwanni. Kafin mota ta tashi ana tambayar kowa ko ya ɗauko guzuri da albarushi. A ƙara da tambayar wa ya bar mai ciki a gida, kuma me ya bar mata. Wanda bai shirya ba, a ce ya sauka ya je ya shirya tukuna.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya kuma sauke ku lafiya, amin.