JI AMANA CE: LASIFIKA A MA'AUNIN SHARI'A DA BINCIKE

 Ya 'yan'uwa, Suratul Isra'i, aya ta 36, ta sanar da mu cewa za a tambayi bawa game da jinsa da ganinsa da zuciyarsa. Idan kuwa mutum abin tambaya ne a kan kunnensa, ina ga wanda ya lalata kunnen wani?

Masana sun bayyana cewa a can cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar dodon koɗi, wadda ke ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 16,000. Su ne ke mai da sauti saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Georg von Békésy ya sami lambar yabo ta Nobel a 1961 saboda bayanin yadda wannan gaɓa ke aiki. Ƙara mai tsanani tana kashe waɗannan ƙwayoyi, kuma a jikin ɗan Adam wadda ta mutu ba ta sake tsirowa.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. A 1998 cibiyar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ba da shawarar kada mutum ya wuce awa 8 cikin ƙara mai desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Da wannan lissafi, minti 15 ne kacal iyakar zama cikin desibel 100. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum biliyan 1.5 na fama da raunin ji.

Cutarwar ba ta tsaya ga kunne ba. A 1975 Arline Bronzaft da Dennis McCarthy sun yi nazarin wata makaranta a birnin Niyok da ke gefen layin dogo, suka tarar yaran azuzuwan da ke fuskantar ƙarar jirgi sun koma baya a karatu. Da aka rage ƙarar, sai bambancin ya gushe. Haka nan a 2018 hukumar lafiyar nan ta tabbatar da alaƙa tsakanin ƙarar motoci da ciwon zuciya.

To, mu duba unguwanninmu. Ga janareta, ga injin niƙa, ga kiɗan biki, sannan ga lasifikar masallaci ko ta wa'azi da ake ƙure wa murya har tsakar dare, alhali kusa da ita akwai majinyaci da jariri da ɗalibi da leburan da zai yi sammako. Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri cewa Manzon Allah (SAW), yana cikin i'itikafi, ya hana masu karatun Alƙur'ani ɗaga murya a kan juna don kada su cutar da juna. Idan an hana wannan a karatun Littafin Allah, wane uzuri ya rage wa waninsa?

Wani zai ce rage sauti raunana da'awa ne. Haƙiƙa kiran salla alama ce ta Musulunci, ɗaga shi kuwa sunna ne, kuma ba shi muke magana a kai ba. Ko a Saudiyya, umarnin da Ma'aikatar Harkokin Addinin Musulunci ta bayar a 2021 ya bar lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, tare da taƙaita ƙarfinta zuwa sulusi.

Saboda haka muna kira ga limamai da shugabannin rassa: a mai da karatu da wa'azi ga lasifikar ciki, a nisanta yara daga bakinta, a kashe ta waje idan dare ya yi. Wanda ya kwana yana jin haushin muryarmu, da wuya ya karɓi hujjarmu da safe. Allah Ya sa mu zama masu kiyaye amana, amin.