Gareth Bale da yaran Bacirawa: Sai an bar fili kafin a samu tauraro

Da zarar an gama girbin gero da dawa, an kwashe kara, sai gonakin da suka rage a gefen Bacirawa su koma filin ƙwallo. Yara su kafa duwatsu biyu a matsayin raga, su raba kansu gida biyu, wasu da takalmi wasu ƙafa a ƙasa, ba su tashi sai an kira Magariba. Idan damina ta faɗi mai gona ya dawo da garmarsa, wasa ya ƙare sai baɗi.

Yayyen waɗannan yara ba su manta daren 26 ga Mayun 2018 ba. Cikin azumi ne, an sha ruwa an cika gidajen kallo, Real Madrid na karawa da Liverpool a wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai a birnin Kyiv. Mintuna kaɗan da sako Gareth Bale daga benci, sai ya tashi sama, ya juya wa raga baya, ya doka ƙwallo ta saman kansa ta faɗa ciki. Madrid ta ci 3-1, biyu daga ciki nasa ne.

Wannan bugun shi ne abin da yara ke kwaikwayo har su ji ciwo a baya. Amma darasin da ke cikin rayuwar Bale yana can farko, a shekarun da babu wanda ya san sunansa, kuma darasin ya fi shafar manya a kan yara.

Ƙaramar ƙasa, babban ɗan wasa

Wales yanki ne na Birtaniya mai mutane kimanin miliyan 3.1. Jihar Kano kuwa tun a ƙidayar 2006 ta haura miliyan 9. Wato idan yawan jama'a ne ke haifar da gwanaye, da Kano ta ninka Wales sau uku tun tuni.

An haifi Bale a birnin Cardiff ranar 16 ga Yulin 1989. Yana da shekara 9 wani mai nemo wa ƙungiyar Southampton yara ya gan shi a wata gasar ƙananan yara da ake bugawa mutum shida-shida. Ba wani dillali ya biya kuɗi ba, ba a sayar da gidan mahaifinsa ba. An shirya gasa ne, aka tanadi fili, wanda ya san aikin ya zo ya tsaya yana kallo.

A makarantar sakandare ta Whitchurch, malaminsa na wasanni Gwyn Morris ya ga yaron ya fi ƙarfin sa'o'insa, sai ya kafa masa doka: ba zai yi amfani da ƙafarsa ta hagu ba, wadda ita ce makaminsa, kuma taɓawa ɗaya zai riƙa yi wa ƙwallo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makarantar ce kuma ta yaye Geraint Thomas, wanda ya lashe tseren keke na Tour de France a 2018, da Sam Warburton wanda ya jagoranci tawagar zari-ruga ta Wales. Makaranta guda, gwanaye uku a wasanni uku. Wannan ya wuce a kira shi sa'a.

Shekarun haƙuri

Bale ya fara buga wa babbar ƙungiyar Southampton a Afrilun 2006 yana da shekara 16, a matsayin mai tsaron baya ta hagu. A 2007 Tottenham ta saye shi, kuma nan ne jarrabawa ta same shi: wasa 24 ya buga mata a gasar Firimiya ba tare da ta yi nasara ko sau ɗaya ba. Jaridu suka mayar da shi abin zolaya, wasu magoya baya suka ce ƙafarsa ce ba ta da albarka.

Ƙungiyar ba ta kore shi ba. Ta matsar da shi gaba, inda gudunsa zai yi amfani. A Oktoban 2010 ya zura wa Inter Milan ƙwallo uku a filin San Siro. A 2013 Real Madrid ta biya kusan Yuro miliyan 100 a kansa, kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan wasa da shi ba a lokacin. Ya ɗaga kofin Zakarun Turai sau biyar.

Ba wai ba shi da aibi ba. Raunuka sun cinye masa watanni masu yawa, kuma ya rabu da magoya bayan Madrid da dama ba a cikin daɗi ba, suna zarginsa da fifita wasan golf da tawagar ƙasarsa a kan ƙungiyar da ke biyansa. Sai dai mutanen Wales ba su ga laifin hakan ba. Yana da damar buga wa Ingila ta ɓangaren kakarsa, amma ya zaɓi gida. Ya kai Wales wasan kusa da na ƙarshe a gasar Turai ta 2016, ya kuma kai ta Kofin Duniya na 2022 a Qatar, karo na farko tun 1958. Ya rataye takalmi a Janairun 2023 da wasa 111 da ƙwallo 41 a rigar ƙasarsa.

Kano ma ta taɓa yi

Mai cewa wannan labarin Turawa ne kawai, sai ya dubi Ahmed Musa. An haife shi a Jos a 1992, ya taso a makarantar ƙwallo ta GBS, ya buga wa JUTH, sannan ya zo Kano Pillars inda ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya zama wanda ya fi kowa ci a gasar Najeriya. Daga nan ne VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi, sai CSKA Moscow, sai Leicester City a 2016, sai Al-Nassr ta Saudiyya.

Ya ci Ajantina biyu a Kofin Duniya na 2014, ya ci Iceland biyu a na 2018, ƙasa da wata guda bayan bugun Bale na Kyiv. Ya dawo ya gina cibiyar wasanni a Hotoro, ya kuma sake sanya rigar Sai Masu Gida a 2021 da 2024.

Hanyarsa da ta Bale iri ɗaya ce: mai horarwa tun ƙuruciya, ƙungiya mai rajista, gasa ta gaskiya, sannan ƙetare. Babu wanda ya tsallake mataki a cikinsu.

Inda gizo ke saƙar

A Bacirawa da maƙwabtanta na Ƙaramar Hukumar Ungogo, matakin farko ne ke ɓacewa. Birnin Kano na ta mamayo ƙauyukan da ke kewaye da shi. Gonar da aka buga ƙwallo a cikinta bara, bana an yanka ta fuloti, an kafa tubali. Mai gona ba shi da laifi, haƙƙinsa ne, kuma jama'a na buƙatar muhalli. Amma idan aka yanka unguwa sukutum ba a ware ko fili ɗaya na yara ba, to an yanke hukunci a kan rayuwarsu ba tare da an tambaye su ba.

Yaron da ba shi da fili ba zai zauna a ɗaki ba. Zai koma kan titi cikin babura da A Daidaita Sahu, ko ya koma kango da lungu inda ake koyon shaye-shaye da daba. Iyayen da ke kiran ƙwallo shiririta suna da hujja idan ta raba yaro da boko da islamiyya. Sai dai maganin hakan shi ne a kai ƙwallon cikin makaranta, kamar yadda aka yi wa Bale, ta yadda wanda bai shiga aji ba ba zai shiga fili ba.

Rashin tsari kuma shi ke buɗe wa 'yan damfara ƙofa. Sukan zo da alƙawarin gwaji a Turai, su karɓi kuɗin biza da na jirgi, iyaye su sayar da akuya ko gona, ƙarshe yaro ya maƙale a wata ƙasa ko kuɗin su bi ruwa. Ya kamata kowane uba ya san cewa dokar FIFA ta hana sauya wa yaro ƙungiya zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu keɓantattun yanayi. Ahmed Musa kansa sai da ya jira ya cika 18 a Oktoban 2010 kafin ya fara taka leda a Holan. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke kashe kuɗi a kansa.

Akwai kuma ribar da ƙananan ƙungiyoyi ke asara. A tsarin FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin domin ƙungiyoyin da suka raine shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Kocin unguwa da ya shekara biyar yana horar da yaro ba tare da rajista ba, ba shi da takardar da zai nemi ko sisi.

Abin da ya rage

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Hukumomin tsara gari da ƙaramar hukuma su sa ware filin wasa cikin sharuɗɗan yanka sababbin fuloti. Dagatai da masu unguwanni su tsaya a kan filayen makarantun firamare, kada a ci su da shaguna. A tura malaman wasanni makarantu, a farfaɗo da gasar makarantu tun daga mazaɓa, ta yadda zakarun za su iya kaiwa ga manyan gasannin matasa irin Kofin Ramat da ake yi a Kano. Ƙungiyoyin unguwa kuma su yi rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, su rubuta sunan kowane yaro da shekarunsa na gaskiya.

Gaskiya ne cewa cikin dubban yaran da ke bin ƙwallo da yamma, ƙalilan ne za su ci abinci da ita. Sauran za su zama manoma, teloli, malamai da direbobi, amma za su tashi da lafiyar jiki, da sanin doka, da jure shan kaye. Ko don su kaɗai filin ya biya kuɗinsa.

Wataƙila a yau akwai ɗan shekara 9 a Bacirawa mai ƙafar hagu irin ta Bale. Ko za a san da shi ko ba za a sani ba, ya dogara ne da abin da manya za su yi da gonar da yake wasa a ciki kafin masu awon fuloti su iso.